Takun Ɗanliti

Tun da aka fara dashen laka, wanda bayansa ya karye ba ya wata uku a keken guragu. Abin da likitoci ba su cika faɗa ba shi ne, lakar mamaci da tafiyar mai ita take zuwa.

Ana idar da la'asar Hansatu ta laɓe a zaure, kamar kullum. Can sai ga takun: jan ƙafar hagu, ɗan tsayawa, sannan ta dama. Takun mijinta Ɗanliti ne sak, shi da ya yi wata bakwai a ƙasa.

Yau mai takun bai wuce ba, sallama ya yi.

"Baiwar Allah, ki gafarce ni. Sunana Sallau, magini ne. Daga bene na faɗo, aka dasa mini lakar maigidanki. Kullum ƙafafun nan sai sun kawo ni ƙofarki. Jiya har wata gona suka kai ni, na tsaya kamar sakarai."

"Gonarmu ce," in ji ta. "Geron ya yi?"

"Ya yi kyau." Ya sunkuyar da kai. "Gobe za a goge mini tafiyar a asibiti. Na ga bai kamata in yi ba ki sani ba."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

"Malam, alfarma ɗaya. Kada ka hau mashin, ka taka a hankali har bakin titi. Amma don Allah kada ka waiwayo, fuskar ba tasa ba ce."