Baƙar Tawada a Hannun 'Yar Italiya

Warin tawadar nake fara tunawa. Umma tela ce a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, daga mujallun Masar take kwaikwayon ɗinkin amare. A lokacin duk mujallar da ta shigo ƙasar sai an bi hotunan mata an shafe musu jiki da baƙar tawada.

Ran nan bayan la'asar ta buɗe wani shafi. Wata mace ce tana dariya, amma daga wuyanta har yatsu baƙi ƙirin. Umma ta ce 'yar wasan Italiya ce, a dandamali ta fara kafin fim ya ɗauke ta. Ta ɗaga shafin saitin taga, wai ko ta hango wuyan rigar ta ƙarƙashin tawadar.

Na ce, "Umma, ƙonewa ta yi?"

Allura na bakinta ta ce, "Haka ake yi wa mai fita ba lulluɓi."

Da safen ranar na je baƙala, kantin unguwa, sayo burodi, kaina a buɗe. Na shige bayan keken ɗinki na naɗe hannun riga, ina jiran baƙin ya fara daga yatsu. Ko kuka na kasa, kar ta tambaye ni dalili.

Bara na ga fim ɗin matar a waya, hannayenta lafiya lau. Umma ta rantse ba ta taɓa faɗin haka ba. Ni kuwa ina kallo ina jan hannun rigata ƙasa.