Ɗakin Zaren Marigayiya

Asabar ce, ana yayyafi tun safe. 'Ya'yan tsohon direba mata su biyu suka dira gidan da buhuna da kwalaye, ko ruwa ba su tsaya sha ba. Babbar aikin ofis take yi, ba ta jin daɗi sai ta ba wani umarni. Auta kuwa tsohon ciki gare ta, kuma ta ƙudura a gidan uban za ta zauna in ta haihu, don mijinta ba mazauni ba ne.

Ɗakin da take so shi ne na ƙurya, wanda yadi da zaren ulu suka cika har bakin taga. Kowa a dangi ya san shi da ɗakin Inna. Inna, matar tsohon, ta rasu shekarun baya, ɗakin bai ragu ba.

"Baba, yau za mu raba ka da wannan tarkacen," in ji Babbar. "Wanda ya tafi ya tafi. Zare ba zai dawo da ita ba."

Tsohon ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa. Dama shi maganarsa tsada gare ta.

Babbar ta zo da dabarar da ta gani a waya. A ɗaga kowane abu a tambayi kai ko an yi amfani da shi a bana, in ba a yi ba, waje. Da yake su biyun ba wadda ta taɓa riƙe kwarashi, amsar ba ta ba su wahala ba. Kafin azahar tsibin zubarwa ya kai ƙugu, na ajiyewa kuwa almakashi ɗaya ne, shi ma don Babbar na buƙatarsa a gidanta.

"Allah ya ji ƙan Inna, amma ta iya tara shara," in ji Auta, tana jujjuya wani dunƙulen zare a cikin ledarsa. "Dubi wannan, ko ƙura bai yi ba. Kamar jiya aka sayo."

"Ai ita da hannunta ma ciwo yake mata, ban san yaushe take wannan aikin ba," in ji Babbar. "Sai dai ka tashi da safe ka ga hula."

Hular kam an gani. Babu jikan da aka haifa a dangin bai samu hula da safa ba, har waɗanda suka zo bayan rasuwar. Sai tsohon ya miƙo ƙunshi ya ce an bar wa yaron wannan. Mata su yi ta share hawaye suna cewa baiwar Allah, har jikokin da ba ta gani ba ta yi wa tanadi.

Auta ta haɗa koren zare wuri ɗaya. Tsohon ya yi gyaran murya.

"Wancan ba irin wannan ba ne. Rininsu daban."

Suka kwashe da dariya. "Baba, kai da ka ƙare rayuwarka a bayan sitiyari, me ka sani a kan kore? Ko na danja ba kullum kake gani ba."

Ya shafa kantar da ke gefen yatsarsa.

Da la'asar ruwa ya ɗauke. Babbar ta leƙa tsakar gida ta ce yadin za a kai bola, zaren kuwa ashana ɗaya ta ishe shi. Nan ne tsohon ya miƙe. Ya daɗe yana kallon tsibin, har Auta ta taɓa yayarta, ta raɗa mata cewa a bi shi a hankali, kewa ce.

"Kada ku ƙona," ya ce. "Akwai wani shago bayan tashar mota, ana koya wa mata saƙa. Ku kai can, ladan ya je wa uwarku. Amma ba sa karɓar kaya a hargitse."

Maganar lada ta kama su. Babbar ta naɗe hannun riga. Suka warware duk zaren da ya sarƙe, suka dunƙule shi, mai kauri daban, siriri daban. Suka ninke yadi, suka goge wanda ya yamutse, har koren nan suka raba shi gida biyu don a zauna lafiya. Babbar bayanta ya riƙe, ƙafafun Auta suka kumbura. Suka kira mota, suka bi ta har shagon. A rufe suka same shi, sai mai gadin layin ya karɓi kwalayen ya ce zai ajiye wa mai wurin. Babbar ta tsaya a gaban kayan aka ɗauke ta hoto, ta tura wa dangi a ga aikin alheri.

Da suka dawo suka tarar da uban yana share ɗakin. Auta ta ce wa yayarta, "Kin ga har ya fara warkewa."

Washegari tsohon ya yi sammako ya nufi tasha. Ya gaisa da mai gadi, ya zaro makulli daga aljihu ya buɗe shagon. Matan da ke jira a kan benci suka miƙe suna cewa ina kwana Malam, suka taya shi shigar da kwalayen. Ya ɗaga murfin ɗaya ya duba, ya gyaɗa kai.

"Na daɗe ina neman wanda zai ware min wannan kayan kyauta ya kawo," ya ce. "Ku zauna. Yau hular jariri za mu yi, irin wadda matata ta yi shekara da shekaru tana shan yabo a kanta, alhali har ta koma ga Allah ko maɓalli ni nake ɗinka mata."