Ƙwan Ƙofar Direba

Tela ya gama ɗinkin kayan 'yan makaranta jiya da tsohon keken ƙafa, idon sawunsa a kumbure. Da ya makara, da shugabar makarantar ta kai aikin wani wuri.

Tun da aka ɗauke wuta makonnin baya ya kashe babban makunnin gidansa, don kada ta dawo da ƙarfi ta ƙona masa keken lantarki. Gidansa da na maƙwabcinsa direba ne kaɗai a ƙarshen layin, don haka ya sa ido kan ƙwan lantarkin ƙofar direba. Ranar da ya kama, sai ya kunna nasa.

Matarsa ta koma dutsen guga na gawayi, tana fifita tana mita.

"Maigida, ko za ka gwada makunnin nan?"

"Leƙa ƙwan direba. Ya kama?"

"Bai kama ba."

"To, ƙaro gawayi."

Yau da safe direba ya shigo gaisuwa, ya tarar da tela yana gasa ƙafa da ruwan ɗumi.

"Sannu, maƙwabci, muna shan fama," in ji direba. "Ni tun ranar farko na kashe babban makunni saboda firjin iyali. Kullum ƙwan ƙofarka nake dubawa."

Matar tela ta ajiye mafici, ta wuce su, ta ɗaga makunnin. Fanka ta fara juyawa.

Har yanzu babu wanda ya san ranar da wutar ta dawo. Tela ya hana a tambaya.