Buhun Algarara a Cikin Firigo

Injin ƙyanƙyasar Baba tsohon firigo ne, wato firji, da ya sa wa fitilu, a tsakar gidan hayarmu na unguwar Biafra, a Treichville. Ƙyanƙyasar farko ba ta yi kyau ba. Ƙasan firigon santsi gare shi, 'yan tsakin suka yi ta zamewa har ƙafafunsu suka tale, da yawa ba su taɓa tsayawa ba.

Da ƙwai na biyu suka kusa fashewa, sai ya dawo daga kasuwar Adjamé bayan la'asar da buhun algarara. Har yau ina jin ƙanshin kakawon yin cakulan da ke jikin buhun. Na shafa, na ji kaushi, na ruga na ɗauko ɗankwalina na salla.

"Baba, shimfiɗa musu wannan. Wancan zai ji musu ciwo."

Bai yi dariya ba. Ya baza buhun da ɗankwalin a kan faranti, ya ce in dafa kowanne in tura. A kan ɗankwalin yatsuna suka zarce, a kan buhun suka tsaya.

"Kin gani, uwata? Ƙafar da ba ta da ƙarfi, abin kamawa take nema, ba laushi ba."

Bana Baba ya fara jan ƙafa, daɓen gidana kuwa sulɓi ne da shi. Jiya na manna darduma mai kaushi daga bakin gadonsa har banɗaki, ina fargabar kada ya ji na raina shi. Ya taka, ya murza tafin ƙafarsa a kai, ya dube ni.

"Yau kuma ni ne ɗan tsakon," in ji shi.