Kular Badamasi

Datti yana kokawar ɗaga ƙafa ya hau babur, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai ƙamshin citta ya buge shi daga madafa. Ya leƙa. Matarsa Zuliha tana juye farfesun tarwaɗa a sabuwar kula. Ga kwaɗon zogale a gefe, ga ruwan kurkum da tafarnuwa a gora, ga ɗan gwangwanin man kaɗanya da aka kwaɓa da kanumfari.

Ya haɗe rai, don ya san kayan nan. Tun bara take binsa da su saboda sanyin ƙashi, shi kuwa ya ce atafau. Ganye na awaki ne, in ji shi, kuma shi ba tsoho ba ne. Alhali a kan kujera yake salla, dashen shinkafar bana ma daga gefe ya tsaya yana yi wa 'yan ƙwadago nuni da baki.

Kafin ya fara faɗa ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba nasa ba ne. Na Badamasi ne.

Badamasi na Bunkure, ɗan kawunta kuma taubashinta, wanda duk dangi sun san shi ya fara zuwa zance wurinta kafin Datti ya yi masa shigar sauri. Wai gwiwoyinsa sun riƙe, matarsa kuma ta tafi zaman jegon 'yarsu. Za ta ba mai adaidaita ya miƙa masa.

"Kawo nan," in ji Datti. "Hanyata ce."

Ba hanyarsa ba ce. Da ya kai ƙofar ruwan da ke raba wa gonaki, ya kafe babur da niyyar mayar da tarwaɗa inda ta fito. Ya buɗe kula, sai ga cokali a ciki, an naɗe shi a leda. Wato har cokali ake saka wa Badamasi. Ya ɗanɗana don ya ji iyakar cin amanar, ya tarar yajin daidai yadda shi yake so. Ransa ya ƙara ɓaci. Sai ya tuna zubar da abinci babu kyau, ya zauna ya cinye tas, ya kora da ruwan kurkum yana yamutsa fuska. Man kuwa, tunda dole gwangwani ya koma wayam, ya naɗe wando ya mulke gwiwoyinsa da shi.

Da yamma ya kawo rahoto. Badamasi ya gode, amma fa ya lalace, yana tafiya kamar agwagwa, haƙoransa ma sun fara zubewa. Zuliha ta ce Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya, idonta a kan yadda yake sauka daga babur.

Kashegari ma aka sake. Abu ya zama kullum. Yau miyar zogale da kifi, gobe faten wake da alayyafo, jibi kunun gero mai citta da hulba, ba ko ɗigon sukari. Datti ya ɗaura yaƙi, ya ƙudura ko loma ɗaya ba za ta ga Bunkure ba. Hashimu mai balangu na bakin titin Kura ya fara cigiyarsa, don cikin da kular Badamasi ta cika ba shi da masaukin kitse da lemon kwalba. Tumbi ya saɓe. Wata Juma'a sai da aka sallame ya lura a kan tabarma yake, kujerar tana can baya. Ya ce zafin bazara ne ya sake masa jijiya.

Abin da ke cinsa daban ne. Girkin kullum ƙara daɗi yake. Duk shekarun auren nan bai taɓa ganin ta tsaya tana tsince zogale ganye-ganye tana 'yar waƙa ba. Yana ci yana ƙwafa, yana shafa mai yana tsine wa gwiwar wani.

Ran nan ya dawo cin rana ya tarar ta ƙunsa lalle. Ta ce gobe da kanta za ta kai kular, ta duba jikin ɗan'uwanta, kada a ce ta yi zumuncin aike.

Ya ture kwanon tuwo gefe. Ana idar da la'asar ya kama hanyar Bunkure da shiri biyu: ya lallaɓi Badamasi ya ce mata saƙo yana isowa, sannan ya ce ya warke, a rufe wannan babi. A rabin hanya mai ya ƙare. Ya jingine babur wurin masu tumatir, ya bi bakin magudanar ruwa da ƙafa, yana tsallake kunyoyi, bai ko tsaya shan iska ba.

A ƙofar gida ya same shi. Badamasi ya sungumi buhun albasa shi kaɗai, ya taka katako da gudu ya jefa shi cikin mota, ya diro. Idon Datti ya rufe. Ashe lafiyarsa ƙalau, girkin matar mutane kawai yake kwaɗayi.

"Sannu mai ciwon gwiwa," in ji Datti. "Ka ji kunya wallahi."

Badamasi ya share gumi. Ya dubi ƙurar da ke ƙafar Datti, ya tambaye shi daga ina ya tako. Da ya ji, sai ya zauna a kan buhu yana dariya har da riƙe ciki.

"Ni gwiwata ko ƙaiƙayi ba ta taɓa yi ba, angon ƙanwata. Sunana kawai Zuliha ta ara, ta ce tana da wani majinyaci a gida da ba ya cin abu sai an ce masa nawa ne."