Buhun Iya Tasalla

Dakta Halliru ya cusa bakin na'urar cikin buhun, ya danna, ya zare. Allon ya nuna ja.

"Wannan ma ya kamu. A ƙone su duka."

Buhunan na matan Roni ne. Da naman kazar da suke nomawa a buhunan ƙaiƙayi suke ciyar da gidajensu. Halliru ko kallonsu bai yi ba. Ya jefa na'urar cikin jaka, ya kaɗe hannu.

Ba abin da yake taƙama da shi irin na'urar nan. Haske take harbawa cikin farin zaren da naman kaza ke tsirowa daga jikinsa, hasken da ya dawo ya nuna ko ƙwayar cutar bairas ta shiga, tun ido bai ga alama ba. A zagayensa na farko ko'ina kore ta nuna. A na biyu Kazaure ta kamu, sai Roni, sai Babura. Shi dai bai yi mamaki ba. A ganinsa ƙazantar 'yan ƙauye ce. Ko shekara ka yi kana koya musu wanke hannu, a banza.

Saura ɗakin naman kaza ɗaya a Gwiwa, na wata tsohuwa, Iya Tasalla, wadda tun farko ta hana shi shiga. Dama ita yake jira. Ya tabbata nata ya fi na kowa ruɓewa.

Da ya isa, ta tare ƙofa. "Ranka ya daɗe, daga nan ma ya isa."

Ta fito masa da buhu ɗaya ta ajiye a tsakar gida. Ya taɓe baki, ya cusa, ya danna. Kore. Ya sake, kore dai.

"Wa yake duba miki su?"

"Ba kowa."

"Iya, ba na son ƙarya. Daga Kazaure har Babura babu ɗakin da ya tsira, sai naki, ke da ko sunan cutar ba ki iya faɗa ba? Ɗauki kayanki."

Tsohuwa ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi.

"A'a, wannan na bar maka. Duk buhun da aka ƙone, sai da ka fara soka masa ƙarfen nan, kuma ban ji wadda ta taɓa ganin ka wanke shi ba."