Ƙugiyar da ta Ɓoye Ƙuli-ƙuli

Kai da ke cewa na'ura ta raina ka, tsaya ka ji wannan. An yi wata mai haɗa shafukan intanet da ta lallashi matan unguwarsu su rabu da dillalin da ke karya musu kaya, ta gina musu shafin da mai saye zai same su kai tsaye. Ƙuli-ƙuli ne sana'arsu, da garin ɗanwake, da busasshiyar kuɓewa. Shafi ya yi kyau, sai dai ko me ka rubuta a gurbin bincike, amsa ɗaya ce: babu. Ga kasuwar Sallah ta matso, mata sun fara cewa gara dillalin da suka sani. Hankalinta ya tashi, don da bakinta ta ɗauki alkawari. Ta leƙa rumbun bayanai, wato inda shafi ke ajiye sunayen kaya, ga su nan reras. Ta bi umarnin da ta rubuta wa binciken layi-layi, lafiyarsa ƙalau. Ta zargi intanet, ta zargi kwamfuta, saura kaɗan ta zargi dillali da asiri.

Da dabara ta ƙare, sai ta daina bugawa da yatsunta, ta kwafo sunan ƙuli-ƙuli daga cikin rumbun ta liƙa a gurbin bincike. Sai ga ƙuli-ƙuli ya cika allo, har da hotuna. Ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Ta jera kalmomin biyu, wadda take bugawa da wadda ta kwafo, ta ƙara musu girma, nan ta ga 'yar ƙugiya a kan harafin farko na wadda ta kwafo. Ashe sakatariyar matan, wadda ta shigar da kayan, malamar Hausa ce da ko a saƙon waya ba ta yafe wa ƙugiya. Masu bincike kuwa, har da mai shafin, "kuli-kuli" suke bugawa, kuma na'ura ba ta san kara ba, abin da ka tambaya shi take nema. Nan take ta koya wa binciken ya ɗauki k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ a matsayin 'yan gida ɗaya. Murna ta hana ta zama, ta kira sakatariya tana dariya.

"Malama, a ɗora tukunyar suya, masu saye sun gan mu!"

Wannan Sallar dillali ya zo da buhunansa, ya koma da su wayam. To kafin ka zagi na'ura, duba ko abin da ka nema shi ne abin da aka ajiye. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.